Canjaras a Gidan Mai Fanka

Mai Fanka ɗan Tsani ne, matarsa kuma 'yar Guga. Duk layinsu an san da haka. Tun da aka fara zaɓe a ƙasar jam'iyya biyu ce kacal, ɗaya alamarta tsani, ɗaya guga, kuma ba wai zaɓarsu ake yi ba, gadonsu ake yi. Shi a wajen mahaifinsa ya gaji Tsani, tare da akwatin kayan aiki da ciwon baya. Ita ma Guga ta buɗe ido ta taras a gidansu. Da aka ɗaura aurensu masu hasashe sun ba shi wata shida. Bana shekara talatin da uku ke nan.

Zaɓen farko bayan auren sun je. Tana da tsohon ciki, rana ta ƙwalle, layi ya zagaye makarantar har bayan banɗaki. Awa biyar suka yi a tsaye. Da suka dawo ta zauna bakin gado tana matsa ƙafafunta da suka kumbura, ta dube shi.

"Maigida, yanzu me muka yi ke nan?"

"Zaɓe muka yi."

"Ka ba Tsani ɗaya, na ba Guga ɗaya. Da mun yi zamanmu a gida fa?"

Ya hau lissafi. Mutumin da sana'arsa naɗin wayar fanka ce ba ya yarda da ƙidaya sai ya maimaita. Ya juya maganar ta nan, ya juya ta can, ya ga babu makawa, canjaras ne. Ƙuri'arsa ta kashe tata, tata ta kashe tasa, ribar da suka samo kumburin ƙafa ne kawai.

A nan suka ƙulla yarjejeniya: daga yau ba mai zuwa. Amma da sharaɗi, domin Mai Fanka ba ya son aikin ha'inci. Dole kowa ya riƙe katin zaɓensa da rai, in an ce a sabunta a je a sabunta, don wanda ba shi da ƙuri'a ba shi da abin kashe ta wani. Ranar zaɓe da safe sai kowa ya fito da katinsa, a ajiye bisa tebur, a ɗora rediyo a kai. Yara suka sa wa ranar suna Ranar Canjaras, maƙwabta suka ɗauka, har gidan ma ya koma gidan canjaras. 'Yan kamfe in sun zo layin sai su tsallake ƙofar, ba mai ɓata fostarsa.

To, sai an san yadda Mai Fanka yake kafin a gane abin da ranar take a wajensa. Shagonsa wani ɗan tsukuku ne a bakin kasuwa. Fankokin sama na rataye babu fukafukai, na tsaye sun jeru a ƙofa kamar masu jiran likita, ƙasa kuma duk guntayen jan waya ne da ƙusoshi. Kullum yana buɗewa, ba hutun mako, ba na wata. Yakan fita kafin yara su tashi, ya dawo jiki ya mutu. Hirarsa da matarsa a yini ba ta cika cokali ba.

"Ka dawo?"

"Na dawo."

"Ga ruwa can na kai maka."

"Madalla."

Ba faɗa suke ba. Shi dai Allah bai ba shi bakin hira ba. In ka ba shi fankar da ta ƙone zai gaya maka abin da ya same ta tun daga ranar da aka saye ta, amma in ka zaunar da shi gaban mutum sai ya yi ta kallon farcensa.

Sai ranar zaɓe. Ranar kasuwa a rufe take, ko yana so ko ba ya so. Tun da sanyin safiya zai fito da kujeru biyu baranda, ita ta kawo fulas ɗin shayi, a kunna rediyo. Ita ke buɗe fage. Tana da lissafin duk alkawarin da Tsani ta yi ba ta cika ba, da shekara da wata: gadar da aka aza harsashinta sau uku, asibitin da aka buɗe babu gado. Shi kuma ya gyara zama ya kare, ya tono na Guga, har da ministansu da ya yi barci a taron da shi ya kira. Abin mamaki, a kan Tsani bakinsa yakan buɗe tar. Kuma gardama in ta yi nisa takan ɓace hanya. Daga gada sai a faɗa zancen mahaifinta, daga nan a koma rufin ɗaki, a koma ranar da babban ɗansu ya haɗiye maɓalli. Kafin la'asar tana dariya har ɗankwali na zamewa, shi kuma yana riƙe da kofin da ya huce tun ɗazu.

Zaɓe bakwai suka yi haka. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma shekara huɗu yake yi yana jiran ranar. Yana son matarsa, so na gaske, kuma bai san wata hanyar zama da ita ba sai wannan.

Bana sai aka yi wa doka kwaskwarima, aka ce kowa na iya kafa jam'iyya. Kafin ka ce kwabo, sababbi biyar sun tsiro: Almakashi, Fitila, Agogo, Keke da Tantabara. Mai Fanka ko a jikinsa. Abin da bai hango ba shi ne tsoffin biyun za su tsorata. Wata Talata ya zo buɗe shago ya ga sabuwar fosta a jikin ƙofarsa, guga rataye a jikin tsani, shugabannin biyu sun rungume juna suna washe haƙora. Sun yi maja.

Yayansa, tsohon direba ne da ya ajiye tuƙi, ya zo da hantsi kamar kullum ya zauna kan benci. Fankarsa na shagon ana mata naɗi.

"Yaya, ka ga wannan?"

"Na gani. Alheri ne."

"Guga fa, Yaya. Mutanen da Baba ya hana mu sayen ko ashana a shagonsu."

"Da ke nan. Yanzu 'yan'uwa ne. Manya sun fi mu hangen nesa. Inda Tsani ya jingina nan muke." Ya karkace hula. "Kai ma ka huta. Bana kai da matarka sai ku fito tare, ƙuri'a biyu rigis. Canjaras ya ƙare."

Mai Fanka ya ci gaba da naɗi, amma ƙidayar ta ƙwace masa, sai da ya warware ya sake daga farko. Maganar Yaya gaskiya ce, nan ne ma ciwon. In suna gefe ɗaya ba abin da za su kashe wa juna, dole su je layi. Ko da sun zauna ma, gardamar me za su yi? Ya hango kansa a baranda yana cewa gadar nan ba a kyauta ba, tana cewa ƙwarai kuwa, daga nan sai shiru har magariba.

Kwana uku yana saƙawa yana kwancewa. Ran na huɗu ya samo mafita, irin ta mai gyara: in waya biyu sun haɗe, raba su ake yi. Tun da ita tana cikin majar, shi sai ya fita. Ya leƙa waje, fostar da ta fi kusa da shagon ta Almakashi ce. Bai san shugabansu ba, bai san abin da suke cewa ba. Ya juyo wajen Yaya da ke zaune kan benci.

"Yaya, na sauya sheƙa. Na koma Almakashi."

Yaya ya dube shi tun daga hula har takalmi.

"Baba bai cika shekara ashirin a ƙasa ba za ka yi masa haka?"

"Baba bai ga guga a jikin tsani ba."

"Ba ni fankata."

"Ban gama ba."

"Ba ni ita a haka."

Haka Yaya ya fita, gindin fanka a kafaɗa, fukafukai a hammata, ƙusoshi a aljihu. Kafin azahar duk bakin kasuwa an ji cewa Mai Fanka ya watsar da gidan ubansa. Mai shayin da suke gaisawa shekara ashirin ya miƙo masa kofi yana kallon wani wajen. Abin ya yi masa zafi ƙwarai, amma ya daure, don ya san abin da ya saya da shi.

Ranar da wuri ya koma gida. Ya same ta a falo, tabarau a hanci, gwangwanin biskit a cinya cike da takardu.

"Uwargida, na bar Tsani."

"Na ji. Matar Yaya ta bugo waya."

"Na koma Almakashi. Kin ga ke nan mun koma yadda muke. Ke maja, ni Almakashi. Canjaras."

Ta sauke tabarau.

"Wa ya ce maka ina maja?"

"Ai Guga na ciki."

"Guga na ciki, ni ba na ciki. Shekara talatin ina zagin mutanen nan saboda Guga, rana ɗaya na ga shugabanmu ya rungume naku kamar an yi masa haihuwa. Ashe su ba su taɓa jin haushin juna ba, mu ne 'yan wahala." Ta buga gwangwanin. "Takardun sababbin ne. Karantawa nake. Bana zan je in yi zaɓe."

"To wacce kika koma?"

"Ban yanke ba tukuna."

"Yaushe za ki yanke?"

"In na shiga rumfar."

Ya zauna. Bai tuna ya cire takalmi ba.

Labari ya bazu cewa akwai ƙuri'ar da ba ta da mai ita a gidan canjaras. Ƙofar da aka shekara talatin ana tsallakewa ta koma kamar ta mai unguwa. Matan Keke su fita, na Tantabara su shiga. 'Yan Agogo har da kawo kalanda. 'Yan maja suka zo su biyu, ɗan Tsani da ɗan Guga, suna ta kiran juna ɗan'uwa, kowa na zaune a ƙarshen kujera. Ita kuwa ta tsare su da tambayoyi tana rubuta amsa a bayan tsohon littafin yara. Duk wannan a bakin maƙwabta Mai Fanka yake ji, domin lokacin da ake yi yana shago. Shi ba wanda ya zo wajensa. 'Yan Almakashi ma sun ɗauka sun riga sun samu, sauran kuma sun ɗauka ya riga ya tafi.

Autarsu malamar lissafi ce a wata sakandare. Ta zo ƙarshen mako, ya ja ta gefe.

"Auta, ki bugi cikin uwarki ki ji min wacce ce tata. In na sani sai in nemo abokiyar gabarta, a koma canjaras."

"Baba, ko ka sani ba zai yi ba." Ta jera kofuna shida a kan tebur. "Da biyu ne, abin da ka ba wannan ka ƙwace wa wancan. Yanzu shida ne. In ka ba Almakashi, Mama ta ba Keke, ba ku kashe juna ba. Haɗuwa kuka yi kuka danne sauran huɗun."

Ya daɗe yana kallon kofunan.

"Kowace jam'iyya tana da abokiyar gaba," ya ce.

"Tana da biyar, Baba."

"Wannan shi ne karatun da na kai ki ki yi?"

"Shi ne."

Bai yarda ba. A ransa ya ƙudura cewa lissafin makaranta daban, na gida daban. In dai ya san tata, zai san wacce za ta fi ba ta haushi, wannan kuwa ya ishi a yi gardama.

Ranar zaɓe ta zo. Da sanyin safiya ya fito da kujeru biyu baranda, ya ajiye katinsa bisa tebur, ya ɗora rediyo. Ya zauna yana jira, ko Allah zai sa. Ta fito cikin shirin fita, jaka a kafaɗa, kati a hannu. Ta dubi kujerun, ta dube shi.

"Akwai shayi a fulas," ta ce, ta nufi ƙofa.

Ya ji ƙarar ƙyauren. Rediyo na ta bayanin yadda jama'a suka fito. Bai kai minti biyar ba ya ɗaga rediyon ya zare katinsa, ya bi bayanta da sauri har yana tuntuɓe.

Makarantar nan ce dai, an dai yi mata fenti. Layi ya kai bakin titi. Yaya na can gaba, ya gan shi ya juya ƙeya. Shi da matarsa suka tsaya tana gaba yana baya, awa biyu. Da aka zo kanta ta karɓi takarda ta shiga bayan kwalin da aka kare rumfar da shi. Ya kasa kunne, kamar dangwale na yin ƙara. Ko minti ɗaya ba ta yi ba ta fito, ta ninke, ta jefa a akwati, ta je gindin wata bishiya ta tsaya.

Aka miƙa masa tasa. Ya shiga. Hotuna shida a jere, tawada a gefe.

Aikin mai sauƙi ne: ya gano tata, ya dangwala wa wadda za ta fi ƙona mata rai. Ya fara daga sama. Maja, ta ce ba ta ciki. Almakashi, ai ba za ta bi shi ba. Ko za ta bi? Keke, an ce matan Keke sun daɗe a falo. Me suka ce mata? Bai sani ba. Me ta tambaye su? Bai sani ba. Littafin da take rubutu a ciki kullum yana kan tebur, kusa da inda yake ajiye makullin shago, bai taɓa buɗawa ba, bai taɓa cewa me kike rubutawa ba.

To me take so? Ya tsaya a nan. Abin da ba ta so ya san shi kamar karatun sallah, zai iya jero laifuffukan Tsani da muryarta, da inda take jan numfashi. Amma abin da take so, in an cire Guga, ya laluba ya laluba bai taɓo komai ba. Shekara talatin da uku. Kunya ta rufe shi a bayan kwali, inda ba mai ganinsa.

"Baba, lafiya?" in ji malamin zaɓe. "Akwai mutane a bayanka."

"Ina zuwa."

"Hoto ɗaya za ka dangwala, ba duka ba."

"Na ce ina zuwa."

A nan ya ji zancen kashe ƙuri'arta ya fita daga ransa. So yake ko sau ɗaya ya dace da ita. Ya rufe ido yana neman maganar da ya fi jin ta faɗa in ya shigo gida, bayan ka dawo da ga ruwa. Sai ya tuna. An ɗauke wuta tun rana. Yau ma ba su kawo wuta ba. Kusan kullum sai ta faɗa. Ya buɗe ido, ga Fitila ta huɗu daga sama. Ya dangwala da ƙarfi har takardar ta so hujewa, ya fito yana jin ya yi abin kai.

Titi fayau, ba mota ko ɗaya. Suka kamo hanya a ƙasa, kowa da tawada a yatsa. Sai da suka wuce gidan mai ya yi gyaran murya.

"Uwargida, ban kashe miki ba."

"Uhm."

"Wadda kika zaɓa na zaɓa."

Ta rage tafiya. "Wacce?"

"Fitila."

"Fitila."

"Fitila mana. Kullum na shigo sai kin ce an ɗauke wuta. Na ce lallai abin nan yana ci miki rai."

Ta tsaya cak a tsakiyar titi. Ya jira dariyar nan mai zame ɗankwali, ba ta zo ba. Kallonsa kawai take, kuma ya ga ranta ne ya sosu, ba fushi ba.

"Maigida, ina ruwana da wuta? Yini nake a gidan, na saba. In ka shigo ka zauna kana kallon hannunka, dole wani ya ce wani abu. Ita ce maganar da na san za ka amsa."

Wani yaro ya wuce su a guje yana kora taya.

"To Keke ce?"

Ta ci gaba da tafiya.

"Tantabara?"

"Ba kacici-kacici muke ba. Ba zan faɗa maka ba."

"Har abada?"

"Akwai wani zaɓen nan da shekara huɗu. In ka fara tambaya tun yanzu, wataƙila ka dace."

Ya lissafa shekarunsa, ya ƙara huɗu a kai, lissafin bai yi masa daɗi ba. Tana gaba da taku uku. Ya ɗaga ƙafa ya cim mata, suka jera. Ya laluba cikinsa yana neman tambaya, irin wadda mutane ke yi wa matansu, har suka kai kwanar layinsu kafin ya samo ɗaya.

"Yaya kika ga layin?"



"Dogo ne," ta ce.

"Dogo kam."

"Amma bai kai na wancan karon ba."

"Wane karon?" ya ce, ko da yake ya sani sarai.

Ta gyara jakarta a kafaɗa, ta fara ba shi labari.